Karkataccen Haƙorin Hedimasta

Duk wanda ya ce maka haƙoran roba masu kyau su ne farare tas, jerarru kamar an ja musu layi, to bai san aikin ba. Likita ta sha gaya wa masu zuwa wurinta cewa ba a halicci mutum da irin waɗannan haƙora ba, kuma ranar da ka saka su, na tsallaken titi ma ya san na saye ne. Haƙori na gaske yakan ɗan dafe saboda shayi da shekaru, yana da gefen da ya cinye, kuma a kowane baki akwai guda ɗaya da ya ƙi bin layi. Aikinta shi ne ta mayar wa mutum da bakinsa har da aibinsa. A duk asibitin babu mai kama ƙafarta a wannan fanni, shi ya sa idan abu ya gagari sauran, ɗakinta ake nuna wa mutum.

Haka aka nuna wa Hedimasta.

Tana wanke hannu a bakin famfo aka turo ƙofa. Gwaggo ce ta fara shigowa tana haki, jaka a hammata, tana janye da hannun wani dogon tsoho da ya sha mur kamar kotu aka kawo shi. Kumatunsa sun lotsa, leɓɓansa sun shige ciki, haɓarsa ta kusa gaisawa da hancinsa. Duk da haka kafaɗunsa a tsaye suke, rigarsa ta sha guga, takalminsa na sheƙi. Likita ta bar famfo yana zuba, ta tsaya tana kallonsa.

Wannan tsoho mahaifinta ne, ko da yake da za ka faɗi haka a gabansa sai ya nemi sanda. Yana matashin malamin lissafi aka tura shi kwas wani gari mai nisa. Ya dawo, matarsa ta samu ciki, aka haifi yarinya bakwaini, 'yar firit, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Ungozoma ta faɗa, likitoci sun faɗa, duk mai ido ya ga cikin bai isa haihuwa ba. Shi kuwa ya zauna ya ƙirga watanni da yatsunsa, ya ce lissafi bai fita ba, kuma shi lissafi ba ya ƙarya. Ya sallami uwa da 'ya. Ya yi wani auren, ya haifi wasu 'ya'yan, ya zama hedimasta, gari na girmama shi. Uwar kuwa ta rayu ana nuna ta da baki, ta mutu ba wanda ya wanke ta daga zargin.

Ƙanwarsa, wato Gwaggo, ita kaɗai ce a danginsa ba ta yanke ƙafa ba. Ranar da yarinyar ta gama famfara sababbin haƙora suka fito, Gwaggo ta kama haɓarta ta leƙa bakin, sai ta ɗora hannu a ka. Haƙorin gaba na hagu ya ɗan hau kan na dama, na kusa da shi kuma ƙarami ne ya noƙe baya. Bakin yayanta ne sak, bakin mahaifinsu ne sak. Ta garzaya ta gaya masa, ya ce shi ba shi da lokacin leƙa bakin 'ya'yan mutane. Tun daga nan yarinyar ta riƙe wannan haƙori kamar takardar haihuwa. A makarantar likitanci malamanta sun yi ta binta ta bari a saka mata waya a miƙar da shi, suna cewa likitar haƙori da karkataccen haƙori abin dariya ne. Ta ƙi.

"Ki rufe famfon mana, 'yar nan, ruwa na ɓarna," in ji Gwaggo. "Ga shi na kawo miki. Da ƙyar na fito da shi."

Hedimasta bai dubi Likita ba, bangon da ke bayanta ya duba. Maganarsa na fita da iska, haruffa na zamewa a kan dasashi, amma gadarar tana nan ba ta rage ba.

"An ce ke ce kika iya. Aiki na zo a yi min, ba zumunci ba."

"Nan ba a raba zumunci, Malam," ta ce. "Hau kujera."

Gwaggo ta kwance wani ƙullin hankici ta ajiye a kan tire. Haƙoran roba ne manya-manya, farare fat kamar sabon faranti. Wani wuri aka yi masa su bayan ciwon dasashi ya kwashe nasa kaf.

"Kin ga abin da suka liƙa masa. Ranar da ya saka, jikarsa ta gan shi ta tsala ihu ta shige ƙarƙashin gado. Tsofaffin ɗalibansa su gaishe shi a hanya, yana ba da baya su fashe da dariya. Yanzu ko ƙofar gida ba ya fita. Nama kuwa sai dai ya bi shi da ido."

"Ke, ya isa," in ji Hedimasta. "Ba tarihina aka tambaye ki ba." Sannan ya ce wa bango, "Nawa nake so. Irin waɗanda Allah ya ba ni, ba na doki ba."

Likita ta saka safar hannu, ta jawo fitila saitin fuskarsa. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da hannunta ya taɓa shi. Ta ɗauka za ta ji wani abu mai taushi, sai ta ji ƙiyayya zalla tana taso mata. Fatarsa a sanyaye take, tana ƙamshin sabulun aski. Ta ɗaga leɓensa da yatsa ba tare da lallashin da take yi wa sauran tsofaffi ba, ta bi dasashin tana dannawa.

"A hankali," ya ce. "Ba a koya muku ladabi a makarantar ba?"

"An koya mana. Na gida ne ban samu mai koya min ba. Buɗe sosai."

Ta kwaɓa ƙullin awon baki, wani abu mai sanyi da danƙo da ake cika ƙaramin cokali mai siffar muƙamuƙi da shi, a danna a baki har ya daskare ya ɗauki siffar dasashi. Ta tura masa shi, ta riƙe da yatsu biyu, ta ce kada ya motsa, kada ya yi magana. Gwaggo kuwa da ta ga bakin yayanta a toshe, sai ta gyara zama. Irin wannan dama ba kullum take samuwa ba.

"Yauwa, Yaya, yau kam sai ka saurare ni. Dube ka. Ina 'ya'yan da ka ce su ne naka? Wannan yana can wata ƙasa, sai waya. Wancan ya ce aiki ya yi masa yawa. Wadda ka jefar tun tana cikin zani, ita ce yau hannunta ke cikin bakinka. Ka harare ni da kyau, idon ne kawai ya rage maka."

Hedimasta ya yi wani gurnani, yawu na bin haɓarsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ƙullin ya riga ya daskare, Likita ta sani sarai, amma ta bar shi a ciki har Gwaggo ta kai aya. Da ta cire, ya fizgi tawul ya goge bakinsa, ya ce in an sake kawo wannan mata ɗakin ba zai dawo ba.

"Dole ta zo," in ji Likita. "Ba na gwada wa mutum haƙora sai da wanda ya san tsohuwar fuskarsa. Madubi ba ya tuna komai. Kuma ina son hotonka na da, wanda kake dariya haƙora a waje."

A zuwa na gaba Gwaggo ta juye mata hotuna cike da leda a kan tebur. Hedimasta a gaban allo, Hedimasta da malamai, Hedimasta yana miƙa wa ɗalibi kyauta, Hedimasta a ranar sallamarsa daga aiki. A cikinsu duka leɓɓansa a ɗinke suke kamar bakin buhu. Ko guda ɗaya babu inda haƙori ya leƙo.

"Mutumin da bai taɓa yi wa mai hoto dariya ba, wa zai yi wa?" in ji Gwaggo.

"Malami ba ya washe baki a gaban yara," ya ce. "Idan ba ki iya ba sai da hoto, ki faɗa, in nemi wanda ya iya."

Likita ta ture hotunan gefe. Ta auna faɗin hancinsa, ta auna tsawon leɓensa, ta sa masa dunƙulen kaki a baki ta ja layi a daidai tsakiyar fuskarsa. Ta kara masa jerin haƙoran gwaji masu launi iri-iri a gefen kunci, ta zaɓi wanda ya ɗan dafe. Duk wannan awo yana ba da girma da tsawo ne kawai, ba ya ba da kamanni. Idan babu hoto, akwai hanyar da masu aikin suka sani tun da: a nemo ɗan da ya fi kama da mai haƙoran, a duba bakinsa a kwaikwaya. Ta yi wa mutane da yawa haka, ɗa ya zauna a auna bakinsa domin uwarsa, 'ya ta zauna domin ubanta. A al'adarta takan tambayi mai haƙoran wane ne a cikin 'ya'yansa ya ɗauko bakinsa. Wannan karon ba ta tambaya ba.

Da aka tashi aiki da yamma, ta kulle ƙofa, ta kwaɓa ƙullin, ta tsaya gaban madubin da ke saman famfo ta danna wa kanta. Abin ya taɓo mata ganɗa har hawaye suka zubo, ta dafa bakin famfon tana numfashi ta hanci, ta tuna yadda ta bar wa tsohon nasa a baki, ba ta kuma ji tausayinsa ba. Ta zuba farar filasta a cikin awon. Da ta bushe ta ɓalle, ga bakinta a tafin hannunta, na hagu ya hau kan na dama, ƙaramin ya noƙe baya.

Turamen ciki ta bar wa mai haɗa haƙora na ɗakin baya, amma na gaba ba ta taɓa barin wani ya jera mata su ba. Ta zauna da 'yar fitilar sifirit da wuƙar kaki, siffar bakinta a hagu, siffar dasashinsa a dama. Ta riƙa ɗumama wuƙar tana narka jan kaki, tana dasa haƙori ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi kaɗan, ta duba, ta cire, ta sake. Da yake nasa sun fi nata girma, ta zaɓi masu faɗi. Da yake ya girme ta nesa ba kusa ba, ta goge bakin kowanne da injin gurza har ya yi kama da wanda ya daɗe yana tauna, ta rage kaifin fiƙa, ta sa dasashin ya ɗan janye daga wuyan haƙoran. Da ta gama ta ɗaga aikin gaban fitila, sai ta ga bakinta ne idan ta tsufa.

Ba gado take nema ba, tana da gidanta da mijinta da 'ya'yanta. Ba ta kuma sa ran zai rungume ta yana kuka ba, ta fi ƙarfin wannan mafarki. Abu ɗaya take so: ya buɗe baki a gaban Gwaggo ya ce uwarta ba ta ci amanarsa ba. Mahaifiyarta ta jira wannan magana har kabari, ita kuma ta gaji jiran. Yanzu ga shi ta samu hanyar da za ta saka masa shaidar a cikin bakinsa da kansa.

Ranar gwaji ya zo a makare, wai don kada a ce yana ɗoki. Ya hau kujera ba gaisuwa. Gwaggo ta zauna a kujerar gefe ta rungume jakarta.

"Waɗannan a kaki suke tukuna," in ji Likita. "Duk abin da bai yi maka ba, yau ake gyara shi. In aka dafa su a roba, shi ke nan, ba sa motsi. Kada ka cije da ƙarfi."

"Na san kaki. Ba yau aka haife ni ba."

Ta tsoma su a ruwan sanyi, ta saka na ƙasa, ta saka na sama, ta danna har suka kama. Nan take fuskar ta canja. Kumatun da suka lotsa suka ciko, leɓen sama ya fito, haɓar ta koma mazauninta. Gwaggo ta saki jakar ta faɗi ƙasa.

"Ce sittin da shida," in ji Likita.

"Sittin da shida." Ya tsaya cak. Haruffan sun fita tsaf, da irin amon da ke sa aji ya yi tsit. Ya sake faɗa ba a ce ya faɗa ba, ya ƙara da ɗari bakwai da saba'in, yana sauraron kansa.

Ta miƙa masa madubin hannu. Ya karɓa a yatsine, ya ɗaga leɓe kaɗan kamar mai duba kayan da yake shirin rainawa. Sai ya matso da madubin. Ya juya kai hagu, ya juya dama. Ya kai ɗan yatsa ya shafa haƙorin da ya hau kan ɗan'uwansa. Daga nan Hedimasta, wanda mai hoto bai taɓa ganin haƙorinsa ba, ya yi dariya.

"Ke, dubi!" ya ce wa Gwaggo. "Dubi nan! Su ne wallahi. Har ƙaramin nan da ke ɓuya."

"Na gani, Yaya," in ji Gwaggo. Ita ta riga ta gane inda aka samo su.

Shi kuwa baki ya dawo, sai lacca ta tashi. Ya manta da wadda ke tsaye a kansa, ya manta cewa ba zumunci ya zo ba. Ya ce wannan haƙori na gidansu ne, haka na mahaifinsu yake, haka aka ce na kakansu yake. Ya ce yana yaro idan ya ɓata a kasuwa, dariya kawai zai yi a ce ɗan gidan wane ne. Ya ce abin da ke ba shi takaici shi ne duk 'ya'yansa ba wanda ya ɗauko, duk bakin uwarsu suka biyo, ya ɗauka da aka cire masa na ƙarshe abin ya ƙare ke nan a duniya.

"Irin wannan ba a koyonsa, ba a sayensa," ya ce yana kaɗa yatsa. "A jini yake."

Likita na tsaye a kansa. Ba ta katse shi ba, ta bar shi ya ɗaure kansa da kyau.

Sai can ya sauke madubin, ya dube ta ido cikin ido, karo na farko tun da ya fara zuwa.

"To, aiki ya yi. Ban cika yabo ba, amma ya yi. A ina kika samu hoton? Ko wannan mai surutun ce ta zana miki?"

"Ni ko da'ira ban iya zanawa ba," in ji Gwaggo.

"Ba hoto," in ji Likita. "Idan babu hoto, bakin ɗan mutum muke aunawa."

"Wanne daga ciki? Na gaya miki ba wanda ya ɗauko."

Ta karɓi madubin daga hannunsa, ta sunkuyo har kuncinta ya kusa taɓa nasa, ta ɗaga madubin yadda zai ɗauke su su biyu. Ta ɗage leɓenta na sama. Ba murmushi ta yi ba, nuna masa ta yi, yadda ake nuna wa likita ciwo.

A cikin madubin baki biyu ne, ɗaya tsoho ɗaya bai tsufa ba, na hagu ya hau kan na dama, ƙaramin ya noƙe baya. Idon tsohon ya tafi kan nata, ya dawo kan nasa, ya sake komawa. Ta ga lokacin da abin ya shige shi. Ba ta yi kuskure ba, ta gani ƙarara: launin fuskarsa ya sauya. Ya gane. A wannan ɗan lokaci, ita da ta rantse ba ta sa ran komai, sai ga shi tana jira kamar ƙaramar yarinya a bakin ƙofa.

"Ka faɗa, Yaya," in ji Gwaggo a hankali. "Kalma ɗaya ce. Uwarta, baiwar Allah, tana kabari, ka sauke mata kayan nan."

Hedimasta ya rufe bakinsa. Ya ture madubin da bayan hannu, ya gyara wuyan rigarsa, ya mayar da idonsa kan bango.

"Kin ce yau ake gyara abin da bai yi ba."

"Haka na ce."

"Wannan na gaban ya karkace. Ki miƙar da shi. Ƙaramin ma ki jawo shi ya shiga layi."

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Yaya! Yanzun nan fa ka gama rantsuwa cewa naka ne!"

"Na duba da kyau, ba haka nawa suke ba. Tsufa ne ya sa na ruɗe."

"Ƙarya kake yi! Wallahi ƙarya kake yi, kuma ka san ƙarya kake yi! Ni na tashi ina kallon bakin nan. Kai dai ba za ka taɓa cewa ka faɗi lissafi ba, ko da za a haɗa da ran mutum. Ka kashe wa uwarta aure, ka ɓata mata suna, ka mayar da 'yarka marainiya kana raye, duk don kada a ce Hedimasta ya yi kuskure. Allah ya isa tsakaninka da matar nan!"

"Idan kin gama, ƙofa na can."

Likita ta ajiye madubin a kan tire. Ta fahimci abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba duk tsawon shekarun nan: ita ta ɗauka shaida ce ta yi masa ƙaranci, ashe ba shaida yake nema ba. Idan haƙorin nan gaskiya ne, to duk abin da ya gina a kan wancan lissafi ya rushe, kuma ya gwammace ya rasa fuskarsa da ya ga wannan rushewa. Duk da baƙin cikinta, ta yi masa magana da muryar aiki, don haƙƙinsa ne a matsayin mara lafiya ya ji.

"Malam, ina gaya maka a matsayin likita. Idan na miƙar da su, duk wanda ya gan ka zai san na roba ne. Wanda ya san ka da can ba zai ga fuskarka a ciki ba. Kai ma ba za ka gan ta ba."

"Na ji. Ki miƙar."

"Idan aka dafa, ba gyara."

"Kurma kika ɗauke ni? Bakina ne ko naki?"

Likita ta jawo tire kusa da ita. Sannan ta sa yatsu ta ciro na saman, kumatunsa suka sake lotsawa. Ta kunna 'yar fitilar, ta ɗora wuƙar a kan harshen wutar.

"'Yar nan, kada ki yi," in ji Gwaggo tana kuka. "Ki bar masa su haka, ya riƙa ganinsu kullum da safe har ya mutu."

"Ba a saka wa mutum abin da ya ƙi, Gwaggo. Ko an saka, a aljihu zai ƙare."

Ta nutsa wuƙar a bayan haƙorin, kakin ya narke ya yi ƙyalli. Ta tura shi da babban yatsa ya sauka daga kan ɗan'uwansa, ta jawo ƙaramin gaba, ta daidaita su, ta shafe kakin sumul. Aikin da ya cinye mata yammaci guda, kafin ruwan kofi ya huce ta rushe shi. Ta tsoma a ruwan sanyi, ta mayar masa a baki, ta danna, ta miƙa masa madubi.

Ya ɗaga leɓe. Haƙora ne jerarru tsaf, ba aibi ko ɗaya, irin waɗanda za a iya saka wa kowane tsoho a layin da ke waje. Ya daɗe yana kallo. Ba dariya wannan karon, ba lacca.

"Haka suke," ya ce da ƙyar. "Haka nawa suke."

Likita ta kashe fitilar, ta tuɓe safar hannunta ɗaya bayan ɗaya ta jefa a kwandon shara. Ta tsaya a gabansa ta ƙare wa fuskar kallo, daga goshi har haɓa, yadda take duba kowane aiki kafin ta sallame shi.

"Yanzu kam ka yi gaskiya, Malam," ta ce. "Ba mu yi kama ba."